Malkiya Mai Goge Ƙahonin Bagade

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mini: ta zo mu ji ta. To ga ta, amma mai neman dariya ya nemi wata, wannan ɗaci gare ta.

A zamanin Bani Isra'ila an yi wani gari mai bagade a kan tudu. Bagade shi ne dakalin da suke ƙona hadaya ga Ubangiji. Nasu an lulluɓe shi da tagulla, kowace kusurwa da ƙaho ɗaya. In an yanka dabba sai a shafa jininta a ƙahonin, alamar rai ya fanshi rai.

Al'adarsu kuwa, in mutum ya kashe wani, ko da bisa kuskure ne, dole ɗan'uwan mamacin ya bi shi ya ɗauki fansa. In bai bi ba, gori har kabari. Amma in mai kuskuren ya riga shi isa bagade ya kama ƙaho, shi ke nan, ya shiga hannun Allah. Ba mai taɓa shi sai dattawa sun ji ta bakinsa.

Mai tsaron bagaden sunansa Malkiya. Ba mugu ba ne, tsabta ce ta yi masa yawa. Safe da yamma yana guga da toka da tsumma, har sai ya ga gemunsa a jikin tagulla. Abin da ke ci masa rai shi ne masu gudun tsira. Su zo da gumi da laka, su damƙe ƙaho, su bar masa shatin yatsu.

A bayan tudun akwai Dila, mai satar kitsen hadaya. Shi ma masu gudun nan sun hana shi sakat, don sukan wuni a wurin, hannu ɗaya a ƙaho, ɗaya yana jifansa. Dila ya rame. Sai ya zo ya durƙusa, ya ce wa Malkiya shi dai dabba ne, amma yana jin kunya ya ga ana taɓa kayan Allah da ƙazamin hannu. Me zai hana a ajiye randa a gindin tudu, kowa ya wanke hannu kafin ya hau? Malkiya ya ce lallai Dila malami ne. Sai ya ajiye randa.

Ana nan sai ga wani mai saran itace a guje. Ruwan gatarinsa ne ya fice daga ƙota ya kashe maƙwabcinsa. Saura kaɗan ya kama ƙaho, Malkiya ya tare shi, ya nuna masa randa. Mutumin ya koma yana kuka, a bakin randar aka cim masa. Wata kurciya da aka kawo hadaya ta ce wa Malkiya ruwa ba ya wanke abin da mutumin ya ɗauko, shi ya sa ya nufi ƙaho. Malkiya ya ce kwanan mutumin ne ya ƙare.

Sai Dila ya dawo. Ya ce hannu ya gyaru, saura ladabi. Yaya za a riƙa shigowa gaban Ubangiji da gudu kamar an koro awaki? A yi shingen ƙaya, a bar 'yar siririyar hanya, kowa ya taho a natse. Sai Malkiya ya yi shinge.

Ana nan sai ga wata mata, wadda dutsen niƙa ya suɓuce mata daga saman soro ya faɗa kan mai wucewa. Ta wanke hannu, ta shiga hanyar, ƙaya ta kama mata zane. Tana kiciniyar ɓallewa aka cim mata. Wata akuyar hadaya ta ce wa Malkiya wanda mutuwa ta biyo ba ya tafiyar amarya. Ya ce ta yi shiru, tun yaushe akuya ta san ibada?

Sai Dila ya dawo na uku. Ya ce a gina katanga, a sa ƙofa, mabuɗi a wuyan Malkiya, ba mai shiga sai da izini. Malkiya yana da ɗa ɗaya tak, Gaddi, magini ne, kuma shi ne ransa. Sai ya sa Gaddin ya gina katangar. Gaddi ya ce, "Baba, in wani ya zo ba ka nan fa?" Malkiya ya ce ya yi aikin da aka sa shi.

Ran da aka rufe ƙofar, wani tsohon rago da za a yanka ya dube shi.

"Malkiya, ni na yarda a zubar da jinina a shafa a ƙahon nan, don ɗan Adam ya sami abin kamawa. In ba hannun da zai kai gare shi, to a banza zan mutu."

Malkiya ya ji maganar har cikin ransa. Amma da ya waiga ya ga tagulla tana sheƙi, sai ya wasa wuƙa.

Wata rana da hantsi ya kulle ƙofa ya tafi rafi wankin tsummokaransa. Da ya dawo sai ya hango mutum kwance a bakin ƙofa, wani zaune kusa da shi ya haɗa kai da gwiwa. Na kwance Gaddi ne, hannuwansa a wanke tas, farcensa duk sun kakkarye a jikin ƙyaure. Na zaune kuwa Asriyel ne, maƙwabcinsu, wanda ya goyi Gaddi yana ƙarami. Ashe dutse ne ya ƙwace wa Gaddi a wurin gini, ya kashe ƙanen Asriyel.

Asriyel ya ɗago kai, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, wallahi ban so na cim masa ba. Tun daga gari nake rage gudu. Na faɗi da gangan, na tsaya gyaran takalmi, ina roƙon Allah ya sa ya riga ni. Na iso na same shi yana dukan ƙofa, na tsaya ina jiranka, ga dangina a bayana suna kallo. Da ya taɓa ƙahon ko da ɗan yatsa ne, da na koma gida."

Malkiya ya ciro mabuɗi daga wuyansa. Ya buɗe ƙofar. Ga bagade yana ƙyalli, ba tabo ko ɗaya. Ga Dila a kai yana cin kitse, ashe tuni ya haƙa raminsa ta ƙarƙashin katanga. Ya lashe baki, ya ce, "Sannu da aiki, Malam, wuri ya yi kyau." Ya shige rami.

Malkiya ya ɗauko gawar ɗansa, ya kai ta gindin bagade, ya kama hannun ya ɗora a kan ƙaho. Hannun ya zame. Ya sake ɗorawa, ya sake zamewa. Nan ya zauna yana kuka har rana ta faɗi, ba wanda ya zo yi masa gaisuwa, don dangin mai itace da na mai dutsen niƙa ba su manta ba.

To kun ji. Abin da Allah ya kafa don rahama, an kafa shi ne don a kama shi da hannu, ko da hannun da laka. Wanda ya tsare shi daga mutane da sunan girmamawa, garin gyaran gira ya rasa ido.

Kurunkus kan Dila, wanda har yau ba a kama shi ba.