Dutsen da Ke Mayar da Daka

Kai Istifanus, wa ya koya maka tsare babba da tambaya kana kumbura baki? Wai "Kaka, don me ba zan rama zagin jiya ba?" Don na hana, shi ke nan. Ni ban taɓa shiga aji ba, ban kuma taɓa ɓatan hanyar gidana ba. Zauna nan. Ke ma Briskila, matso, ai ke kika yi zagin.

Akwai wani mutum da ya gina gidansa a gindin wani babban dutse. Yana da mata da 'ya'ya mata biyu. Dutsen nan kuwa yana da wani hali: duk ƙarar da aka yi a tsakar gida, sai ya riƙe ta kaɗan, sa'an nan ya mayar. In taɓarya ta sauka a turmi, sai an ɗaga ta kafin a ji shi ya ce dum. Ba ya kuma mantuwa. A ƙarƙashin bugun yau akan ji na jiya ƙasa-ƙasa, a ƙarƙashinsa kuma na bara, kamar numfashin mai barci.

Uwar ta koya wa 'yan matan daka su biyu a turmi ɗaya. Wannan ta ɗaga, waccan ta sauke. In gero ya haura gefe, ɗaya ta sa hannu ta tura shi tsakiya kafin taɓaryar 'yar'uwarta ta iso. Takan ce musu, "Ku dubi kafaɗar juna. Kada ku saurari dutse, a makare yake."

Ana nan uwar ta rasu. Da aka tashi makoki, 'yan matan suka koma bakin turmi. Suna cikin daka da rana tsaka, sai babbar ta ji taɓarya ta uku daga dutsen. Ta san bugun nan: mai nauyi, ba gaggawa, da ɗan tsayawa a daidai inda uwarsu takan saki taɓarya ta tafa.

Babbar ta ce, "Kin ji Inna?"

Ƙaramar ta ce, "Yaya, ni za ki duba. Kina ja baya."

Amma babbar ta rufe ido, ta jinkirta hannunta don ya yi daidai da bugun dutsen. Ƙaramar ta ga taɓarya ta daɗe a sama, ta zaci an ba ta sarari, ta sa hannu cikin turmi.

Hannun nan bai ƙara riƙe komai ba. Ihun da ta yi kuwa, dutsen ya karɓa, ya ajiye shi tare da sauran.

Ma'anar wannan misali ita ce: turmin nan zaman da Ubangiji ya haɗa ku ne, dutsen kuma zuciyar mutum. Abin da zuciya take maimaita maka ba ƙarya ba ne, an faɗe shi. Amma ya makara. Wanda ya faɗa ya riga ya bar wurin, wataƙila ya tuba, har ya miƙo hannu, kai kuwa kana sauke taɓarya bisa ga abin da ya wuce. Ubangiji ya ba ka ido don ka dubi ɗan'uwanka yadda yake a yau.

Kai Istifanus, ɗazu ƙanwarka Briskila ta ajiye maka ƙanzo, ina kallo ka ture kwanon da ƙafa. Je ka ɗauko ka cinye a gabana. Yawwa. Ku wanke hannu, ku yi addu'a, kowa ya nemi tabarmarsa. Wanda na sake jin muryarsa, shi zai ɗebo ruwan safe.