Ajuji da Idon da Ya Zagayo

Dalilin da ya sa kifin nan mai faɗi kamar tafin takalmi yake da idanu biyu a gefe guda, wanda kuka ciro ɗazu kuna ƙyalƙyala dariya wai an taka shi, ba abin dariya ba ne. Ku ajiye ƙugiyoyinku ku matso.

A zamanin da, kifayen teku duk kamarsu ɗaya, farare tas, babu zane babu ɗigo. In mai ƙugiya ya zauna a kan dutse ya fizge ɗaya, ba a sanin gidan da aka yi wa rashi. Sai ka ga uwa tana kukan ɗan maƙwabciya, nata kuwa yana bayanta yana kiwo abinsa. Abin ya ishi kowa, aka yi shawara a kira Ƙaguwa wanzami ya yi wa kowane gida tsagarsa.

Akwai wata yarinya a cikinsu, sunanta Ajuji. Uwarta ta haifi 'ya'ya da yawa, ƙugiya ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Da ta samu wannan sai ta raɗa mata sunan juji, ko mutuwa ta ɗauka ba a sonta ta wuce. A gaban jama'a ko kallonta ba ta yi, amma Ajuji ta san in suka keɓe babu abin da uwar ke so a duniya kamarta.

Ranar tsaga Ajuji ta tashi da ɗoki. Ta ga an yi wa gidan kifi titus zane masu lanƙwasa a gadon baya. Barakuda, dogon kifin nan sarkin rashin haƙuri, ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, aska ta bi haƙarƙarinsa a tsaitsaye, ya tafi yana washe haƙora. Wani gida kuma suka ce su tsoron aska suke ji, aka tsoma su a lalle suka fito jawur. Ajuji irin na titus take so, har ta shiga layi.

Uwar ta jawo ta gefe. A ganinta, yi wa ɗa tsaga shela ce cewa yana da mai shi, ita kuwa duk wanda ta nuna nata ne an ɗauke. Ta kai ta can ƙasa, ta kwantar da ita a gefe guda, ta watsa mata yashi.

"Kada ki tashi sai na dawo," in ji ta. "Ki riƙa duban sama, ta nan zan ɓullo."

Ajuji ta kwanta, ido ɗaya a sama ɗaya a cikin yashi, ranta a ɓace don an hana ta ado. Can ta hango uwar tana dawowa, sai ta ga ta tsaya wajen wani jatan lande da ke reto a ruwa. Da uwar ta kai masa baki sai ta yi sama a miƙe, da irin saurin da kifi ba ya yi da kansa. Ajuji ba ta taɓa ganin haka ba, ta ɗauka wani abu uwar ta manta ta koma ɗaukowa.

Ta ci gaba da jira. Ruwa ya cika ya janye, ya sake cika ya janye. Ido ɗaya ya gaji da duba, ga tsoron kada uwar ta wuce ta inda ba ta gani, tashi kuwa an hana ta. Sai idon da ke cikin yashi ya fara matsowa kaɗan kaɗan, ya haura ta kan goshi, ya zo ya zauna kusa da ɗan'uwansa. Jikinta ya baje, gefen sama ya rine ya koma launin yashi, na ƙasa da bai ga haske ba ya zauna fari.

Da Ƙaguwa ya gama zaga gidaje zai koma, sai ya yi tuntuɓe da ita. Ya gane 'yar wace ce, domin labarin uwar ya riga ya kai ko'ina. Tausayi ya kama shi, ya gaya mata gaskiya a hankali cewa ƙugiya ce ta ɗauke uwarta, ya ce ta tashi ya yi mata tsagar da take so.

"Baba, Inna cewa ta yi sai ta dawo," in ji Ajuji. "In na tashi ta zo, ina za ta neme ni?"

Ƙaguwa ya mayar da askarsa cikin zabira. Ya ce ai ta riga ta samu alamar da babu mai haɗa ta da wani.

Shi ya sa har yau masu ƙugiya ke gane kifin teku da zanen jikinsa, amma jikokin Ajuji da kwanciyarsu ake gane su, a ƙasa cikin yashi, idanu biyu suna kallon sama. Wannan da ke cikin bokitinku ƙaramar jikarta ce. Ku mayar da ita daidai inda kuka ciro ta, kada a zo a tarar ba ta nan.