Karen da Ya Ƙi Tsayawa Ƙarami

Akwai wani dattijo a garin Geelong mai suna Merv Doyle, tsohon direban bas, wanda Allah ya zuba masa zargi. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya shafa aljihunsa. Tun da matarsa ta rasu yake zaune shi kaɗai a hawa na huɗu na wani bene da kusan duk mazaunansa tsofaffi ne.

Benen yana da doka a kan karnuka. Ka ajiye naka, amma daga ƙofar ɗakinka har bakin titi sai dai ka rungume shi. Ƙafar kare ba ta taɓa dardumar baranda, ba ta taɓa ƙasan lif, wato na'urar hawa bene. Ranar da ka kasa ɗaukar karenka, ranar zai bar gidan.

Merv kuwa kafaɗarsa ta dama ta daɗe da lalacewa. Shi ya sa da maƙwabciyarsa Glenys ta ja shi gidan Raelene, mai kiwon fararen karnukan nan ƙanana masu gashi kamar auduga, bai tsaya kallon kyau ba.

"Wanne ya fi ƙanƙanta?"

Raelene ta ɗago wani ɗan mitsitsi daga ƙasan 'yan'uwansa. "Wannan. Amma Mista Doyle, ƙaramin yau ba lallai ne…"

"Ban zo karatu ba. Ɗaura masa zare a gabana."

Haka masu kiwo suke yi, kowane kwikwiyo da zarensa a wuya har a yaye shi, don kada a rikita na wani da na wani. Na Merv aka ɗaura masa ja. Glenys ta zaɓi wata 'yar ɓulɓul, aka ɗaura mata kore.

Da aka yaye su, Merv ya kawo nasa gida ya sa masa suna Biskit. Wallahi mutumin da ba ya yarda da kowa sai ga shi yana hira da kare. Da safe su raba gasasshen burodi, da yamma su kalli ƙwallo tare, Merv yana zagin alƙalin wasa, Biskit yana taya shi da haushi.

Sai Biskit ya fara girma. Ƙafafu suka miƙe, ƙirji ya buɗe, kuma ya ƙi tsayawa. Ita kuwa Dotty, karyar Glenys, tana nan yadda take, ana saka ta a jakar kasuwa har a ƙara da tumatir.

Kullum suka haɗu a lif, Merv yana nishi da Biskit a hannun hagu, sai Glenys ta yi dariya.

"Kai tsoho, me kake ba shi ne? Ɗan maraƙi ka sayo?"

Ita wasa take yi. Shi kuwa maganar ta tsaya masa a rai. Ai Glenys ce ta kai shi gidan Raelene. Ai ƙawaye ne tun suna makaranta. Kuma wa ya ga abin da ya faru da zaren bayan ya juya baya? Kwance zare a sake ɗaurawa wani aiki ne?

Ya buga wa Raelene waya.

"Ba wanda ya taɓa zarenka," in ji ta. "Naka 'yan'uwansa ne suka riƙa ture shi daga nono, shi ya sa ya fito ƙarami. Da ya samu abinci sai ya ɗauko jikin kakansa. Haka irin nan suke, ciki ɗaya, wani ya tsaya, wani ya wuce."

"Dama me za ki ce?" Ya kashe wayar.

Daga nan komai ya zama hujja. Wata rana ya leƙo ta taga ya hango motar Raelene a ƙasa, ita da Glenys suna ƙus-ƙus, suna ɗauko wani abu lulluɓe da bargo zuwa ɗakin ajiya. Sannan ya lura Glenys tana bin ɗakunan mutane ɗaya bayan ɗaya da faranti na kek. In ya shigo falon ƙasa sai hira ta tsaya cak.

Shi kenan, a wurinsa magana ta fito. Ta sace masa ƙaramin kare, yanzu kuma tana haɗa kan jama'a a kori babban. Tsoro ya kama shi, don a makon nan sau biyu Biskit yana suɓuce masa a baranda a gaban mutane.

Ya kira 'yarsa Narelle da ke aure can Mildura.

"Baba, ka tambaye ta mana. Ƙofarta na kallon taka."

"In tambayi ɓarawo ko ya yi sata? Ina jiranta a taro."

Ranar taron mazauna aka cika falon ƙasa, kowa da kofin shayinsa. Shugaban kwamiti, Mista Papadakis, ya ce Glenys ta nemi a ba ta dama ta yi magana a kan dokar karnuka.

Ba ta gama miƙewa ba Merv ya riga ta.

"Zauna, munafuka! Na san abin da kika ƙulla. Ke da ƙawarki kuka canza min kare. Ku kuma," ya bi su da yatsa, "da kek aka saye ku. Tsofaffin banza, marasa aikin yi sai gulma. Kai Papadakis, ba cewa aka yi kana da ciwon sukari ba? Yanka nawa ka ci?"

Glenys ta fita, ta dawo tana turo abin nan da ke lulluɓe da bargo. Ta yaye. Ɗan keke ne irin na jarirai, wanda ake tura kare a ciki.

"Na Raelene ne, ta ce a ba ka," in ji ta. "Na ga kafaɗarka, Merv. Roƙonsu na yi ta yi a yarda wanda ba ya iya ɗauka ya riƙa turawa. Ban gaya maka ba saboda na san halinka, cewa za ka yi ba ka son a roƙa maka."

Merv ya koma ya zauna.

Mista Papadakis ya gyara tabarau, fuskarsa a murtuke. "Wanda ya yarda a sassauta doka ya ɗaga hannu."

Mutanen da suka yi wa Glenys alkawari jiya, yau kowa ya zuba wa kofinsa ido. Wa za a kira tsohon banza a bainar jama'a ya ɗaga wa mai zagin hannu? Merv ya waiga dama, ya waiga hagu. Hannu ɗaya ne a sama, na Glenys.

Doka ta tsaya yadda take. Ƙarshen wata Narelle ta zo da mota don ta tafi da Biskit. Merv ya rungumo Biskit da hannu biyu, har da mai ciwon, ya sauko da shi. Da motar ta tashi, karen ya dafa gilashin baya yana haushi, yana jiran maigidansa ya shigo. Merv ya tsaya a bakin titi yana kuka, bai ko damu da masu kallonsa ta taga ba.

Darasi: Zargi ba ya kare abin da kake so, sau da yawa shi yake raba ka da shi. Kafin ka yanke wa mutum hukunci a zuciyarka, ƙwanƙwasa ƙofarsa ka tambaye shi, wataƙila alheri yake shirya maka. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, ko wani zai riƙe bakinsa kafin ya yi asara.