Yadda Dajin Kanya Ya Kori Kansa

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso mu ji ta, mu ga inda za ta sauka.

To, ku gyara zama. A can da, akwai wasu dazuzzuka bakwai a bakin wani kogi. Tun zamanin kakanni dabbobinsu suka taru suka ƙulla zumunta, suka ce daga yau mun zama gida ɗaya. Kowa ya shiga dajin da ya ga dama, ya ci, ya sha, ya yi aure, ba mai tambayarsa daga ina. Suka sa wa abin suna Gamayya.

A ɗaya daga cikin dazuzzukan nan, wanda ake kira Dajin Kanya, akwai Kurege. Kurege na da mata, Bushiya, wadda ya auro daga Dajin Marke, can tsallaken kogi. Uwar Ƙaya yake ce mata. Ta haifa masa 'ya'ya, ga ƙaya a baya, ga wutsiya buzu-buzu, wanda ya gan su sai ya sake waiwayowa. Suna zamansu lafiya lau, sai dai ranar da ya manta ya jingina da ita.

Ana nan, ana nan, wata shekara damina ta yi gardama. Kanya ba ta yi 'ya'yan kirki ba. Yunwa ta leƙo. Sai Burduddugi, ƙaton kwaɗon nan mai maƙogwaro kamar ganga, ya hau kututture, ya kumbura, ya ce, "Jama'a, kun san abin da ya cinye mana kanya? Baƙi! Kun san abin da ya shanye mana tafki? Baƙi! Kun san abin da ya hana ruwa sauka? Baƙi! Gamayyar nan ce ta buɗe musu ƙofa. Mu fita daga cikinta!"

Ya kama waƙa:

"Mu fita, mu fita, mu ja ƙaya,
Kanyarmu tamu, tafkinmu namu,
Wanda ya zo jiya ya koma jiya!"

Waƙa ta yi daɗin kamawa. Kafin a ce me, daji ya rabu biyu, ga 'yan Mu Fita, ga 'yan Mu Zauna. Wa da ƙane suka daina gaisawa. Biri da matarsa suka raba reshe. Hawainiya kuwa, in tana kusa da 'yan Mu Fita sai ta yi ja, in ta matsa wajen 'yan Mu Zauna sai ta yi kore, har launi ya rikice mata ta kwanta ciwo.

Da surutu ya hana Sarki Ɓauna barcin rana, sai ya sa aka tara kowa a gindin babbar kanya, ya ce kowa ya faɗi bakinsa.

Kura ta miƙe, ta ce, "Ranka ya daɗe, baƙi sun yi yawa a ƙasar nan."

Kurege ya ce, "Ke da me kika auna yawansu?"

Ta ce, "Da cikina mana! Ina ci, ina ci, ba sa ƙarewa."

Burduddugi ya miƙe, ya ce in aka fita daga Gamayya, kowace kanya za ta yi girman kabewa. Ƙuda zai riƙa faɗowa a baki da kansa. Kogi ma zai daina ratsa sauran dazuzzuka, a nan zai tsaya yana zagayawa. Jama'a suka ɗauki shewa.

Kurege ya miƙe. Ya yi bayani a kan damina, ya yi bayani a kan zumunta, ya faɗi yadda 'yan Dajin Kanya da yawa suke can suna ci a dazuzzukan mutane. Maganarsa gaskiya ce, amma doguwa. Da ya ɗaga kai, rabin taro na gyangyaɗi, Sarki kuwa har da minshari.

Aka tashi Sarki, ya ce, "To, mai son a fita ya gyaɗa kai, a ƙirga."

Aka ƙirga, aka sake ƙirgawa. 'Yan Mu Fita suka yi rinjaye da kai ɗaya tal, kan Ƙadangare. Kurege ya yi tsalle ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai tun da aka haife shi haka yake yi!" Aka tambayi Ƙadangare, fita kake so? Ya gyaɗa kai. Zama kake so? Ya gyaɗa kai. Sarki ya ce shi dai ya gaji, an ƙirga an gama.

Aka aika wa sauran dazuzzuka shida cewa Dajin Kanya ya fita. Aka ja shingen ƙaya aka kewaye daji, aka bar ƙofa ɗaya. Baƙin ne ma suka yi aikin shingen, don su suka iya. Da aka gama, Burduddugi ya sa aka yi shela: duk baƙo ya tattara nasa ya nasa.

Kurege ya koma gida, ya tarar da Bushiya ta dunƙule a tsakar ɗaki, ba kai ba ƙafa, 'ya'ya sun kewaye ta suna kuka.

Ya ce, "Uwar Ƙaya, buɗe mu yi magana."

Ta ƙara dunƙulewa.

Ya ce, "Uwar Ƙaya, don Allah buɗe."

Daga can cikin ƙaya murya ta fito: "Maigida, a ƙasar nan na yi haihuwa, a ƙasar nan na binne uwata. Wadda na yi wa wankan jego jiya, yau ita ke nuna ni da baki tana cewa baƙuwa. Ina zan kai yaran nan? A can a ce 'yan Kanya ne, a nan a ce 'yan Marke ne."

Kurege ya zauna. Ko gyaɗa ya kasa ci. Ya yi tunani, ya yi tunani, wutsiyarsa na kaɗawa. Can sai wutsiya ta tsaya cak.

Ya ce, "Gobe ni da kaina zan kore ki."

Bushiya ta buɗe ido ɗaya.

Ya ce, "Ki ɗauki babbar tukunya. In kin fita, ki sauka a gindin tsamiyar nan ta bayan shinge, ki ɗora fate mai yawa. Za ki yi baƙi."

Ta ce, "In wannan ma irin wayonka ne na banza, wallahi a bayana za ka kwana."

Da gari ya waye Kurege ya tafi fada. Ya faɗi gaban Sarki, ya juya ya gai da Burduddugi, ya ce, "Na tuba, na bi gaskiya. A ba ni tsaron ƙofa, ku ga aiki. Da matata zan fara."

Burduddugi ya ji daɗi har ya ƙara kumbura.

Kurege ya ce, "Sai dai a faɗa mini, wane ne baƙo? Wanda ya zo da ƙafarsa kaɗai?"

Burduddugi ya ce, "Har wanda uwarsa ko ubansa ya zo!"

"Kaka fa?"

"Har kakan kaka! Duk wanda asalinsa ba cikin shingen nan yake ba, waje!"

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, doka mai ƙarfi haka tana son rantsuwa." Sarki Ɓauna ya dafa ƙahonsa ya rantse, dokar nan ba ta bar kowa ba, babba ko yaro.

Kurege ya tsaya a ƙofa, ya tasa Bushiya da 'ya'yanta da tukunyarta, yana cewa, "Fita, baƙuwa!" Ta wuce tana harararsa, harara ta gaske. Jama'a suka ce lalle wannan ba ya wasa. Sauran baƙi suka bi bayanta. Sannan Kurege ya ce kowa ya zo a tantance shi.

Kura ta fara zuwa. Kurege ya rusuna ya ce, "Kai, wannan ƙira! Wannan wuya! Irin wannan ba a samunsa a gidan talaka. Wane gida kika fito?"

Kura ta washe baki ta ce, "Ashe kana da ido. Kakana sarkin kuraye ne a Dutsen Gabas. Da tambura aka rako shi ƙasar nan."

Kurege ya ce, "Madalla. Ga ƙofa."

Kura ta ce, "Wasa nake!" Sarki ya dafa ƙaho. Kura ta fita tana ɗingishi.

Biri ya zo na biyu. Ya ga abin da ya sami Kura, don haka tun daga nesa yake cewa, "Mu a nan muka tsiro. Uwa, uba, kaka, duk a nan."

Kurege ya ce, "Allah sarki. Ashe kai jikan biran nan ne na gindin kanya, masu cire wa Gwaggon Biri ƙwarƙwata a ba su ɓawo."

Biri ya daka tsalle ya ce, "Wa? Ni? Allah ya kiyaye! Mu 'yan Dajin Goriba ne, gidan sarauta! Je ka tambaya!"

Kurege ya ce, "Ba sai na tambaya ba. Ga ƙofa."

Haka aka yi ta yi. Zomo ya fita, Barewa ta fita, Dila da duk wayonsa ya fita. Wanda yabo bai kama ba, zagi ya kama shi. Daji ya yi ta raguwa, gindin tsamiya ya yi ta cika.

Sai ga Burduddugi. Ya zo yana taƙama, ya ce, "Ni ba za ka kama ni ba, ɗan wutsiya. Ba ni da kaka a gabas, ba ni da kaka a yamma. Ba daga dajin kowa na zo ba. Daga sama na faɗo, da ruwan farko!"

Kurege ya ɗaga kai ya dubi sama. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimake ni da gani. Sama a cikin shinge take, ko a waje?"

Sarki Ɓauna ya ɗaga kai shi ma, ya duba, ya duba, ya ce, "Gaskiya shingen bai kai can ba."

Kurege ya ce, "To, wannan ya fi kowa baƙunta. Ga ƙofa."

Burduddugi ya sace kamar an taka salka. Da ya ga ya tabbata a waje, haushi ya kama shi, ya leƙo ta ƙaya ya ƙwala ihu: "To shi Sarkin fa? Wa bai san uwarsa da iyo ta ƙetaro kogi ba?"

Sarki ya dubi hagu, ba kowa. Ya dubi dama, ba kowa. Ya shafa ƙahon da ya rantse da shi, ya ja numfashi, ya taka a hankali ya fita. Kurege ya bi bayansa, ya ja ƙofa, ya ce, "Ni ma kakana ta ƙarƙashin ƙasa ya haƙo ya shigo."

Suka isa gindin tsamiya. Ga dukan Dajin Kanya a zaune, yunwa na cin kowa, ga fate na tafasa, ƙamshi ya cika wuri. Bushiya na tsaye a kan tukunya da ludayi. Kura ta miƙo ƙwarya.

Bushiya ta ce, "Dakata. Wa ya fara sauka a gindin tsamiyar nan?"

Suka ce, "Ke ce."

"Wa ya share wurin? Wa ya kafa murhu?"

"Ke ce."

Ta ce, "To, a nan ni ce 'yar ƙasa. Ku duka baƙi ne. Har kai, ranka ya daɗe."

Sarki ya sunkuyar da kai. Burduddugi ya laɓe a bayan Barewa. Kowa ya haɗiyi yawu yana jiran a ce masa ga hanya. Kurege kansa sai da ya ja da baya, don ya san halin matarsa in ranta ya ɓaci.

Bushiya ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta dubi wadda ta yi wa wankan jego, har sai da waccan ta rufe fuska. Sannan ta tsoma ludayi ta ce, "A gidanmu baƙo ake fara zuba wa. Ku miƙo ƙore."

Ta zuba wa Sarki, ta zuba wa Kura, ta zuba wa Biri. Ta zuba wa Burduddugi, ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe baki zai yi jawabi, ta ce, "Malam, sha kawai." Kurege ya miƙo tasa ƙwaryar a ƙarshe, ta ce, "Kai da ka ce mini fita baƙuwa a gaban mutane? Kai ƙanzo za ka ci." Ya ci ƙanzo yana dariya, 'ya'yansa na hawa bayansa suna soka masa ƙaya.

A cikin shinge kuwa ba wanda ya rage sai Gara, ita kaɗai ce asalinta ƙasar. Ta fito ta ga ba kowa, ba abokin hira, ba mai yar da ɓawo. Ta ga shinge busasshe. Ta ce bismilla. Kafin wata ya mutu ta cinye shi tas, har ƙofar.

Dabbobi suka koma gidajensu sumui-sumui, ba mai tambayar wani asali. Suka aika wa dazuzzuka shida cewa suna so su dawo Gamayya. Waɗancan suka ce to, sun ji, za su zauna su duba. Suka zauna, suka duba, suka ba Kunkuru amsa ya kawo. Har yau yana hanya. Shi ya sa ɗan Dajin Kanya in ya ƙetare kogi sai an tsare shi an ce daga ina, wurin wa, yaushe za ka koma. Burduddugi kuwa, in damina ta sauka za ku ji shi a bakin tafki yana ta surutu shi kaɗai, ba mai amsa masa sai 'yan'uwansa.

To, kun ji. Kafin ka nuna wani ka ce baƙo, ka tambayi kakarka daga ina ta taso. Kuma in yunwa ta zo, kada ka bi mai babbar murya don waƙarsa ta yi daɗi.

Ƙurunƙus! Ta ƙare a kan wutsiyar kurege, wanda bai yarda ba ya je ya tari Kunkuru a hanya.