Kurɓin Ƙarshe a Ƙoƙon Sarki

A zamanin da, an yi wani Sarki mai suna Nabame, wanda ciwo ya kayar. Bakinsa ya yi gyambo, abinci ya gagara, har bayin da ke masa fifita suka koma yi daga nesa. Sai ya aika a kira masu zuhudun da ke zaune a kan dutse bayan gari, mutanen da suka saki duniya, ba su da aiki sai ibada da dafa wa marasa lafiya jiƙon tsamiya da citta da kanumfari da zuma.

Babbansu, Malam Ilu, ya sauko da ƙoƙonsa. Al'adarsu kuwa ita ce mai kawo jiƙo ya fara kurɓa, majinyaci ya sha, sa'an nan shi ya shanye abin da ya rage. Sarki ya soma samun barci, ba shi da zance sai na Malam Ilu.

Abin nan ya tsaya wa Waziri Mantau a rai. Shi da ya yi furfura a fada, yau a ce wani mai tsumma ya fi shi shiga? Kishi ya hana shi sakat, ko tsamiya aka ambata sai ransa ya ɓaci.

Ran nan ya faɗi gaban Sarki, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mutumin nan sauransa yake ba ka. Shi ya fara sa baki, kai ka bi baya. Har a kasuwa ana zancen."

Sarki ya fusata, ya sa aka kori Malam Ilu. Waziri ya ce ai jiƙo ba abin gagara ba ne. Ya sa aka dafa a gidansa, aka ninka zuma, ya kawo a tasar azurfa. Sarki ya sha, ya miƙa masa ragowar kamar yadda ya saba. Waziri ya dubi bakin tasar, ya dubi bakin Sarki, ya ce, "Ranka ya daɗe, azumi nake."

Kashegari da aka sake miƙa masa ragowar, Waziri ya ce cikinsa ne ba daɗi. Sarki ya gane ƙyamarsa yake yi.

Aka komo da Malam Ilu, Sarki ya tambaye shi dalilin al'adarsu. Malam Ilu ya ce, "Kurɓin farko don ka san babu cuta a ciki. Na ƙarshe don ka san ba a ƙyamarka. Tsamiya kuwa, ranka ya daɗe, ko'ina akwai ta."

Sarki ya ce, "Waziri, ka yi kishin matsayinsa, to na ba ka. Tuɓe rawani, ka hau dutse ka riƙa kai wa majinyata ƙoƙo. Ranar da ka shanye ragowar wani ba ka yamutsa fuska ba, zo ka ɗauki abinka."

Sarki ya warke, ƙasa ta zauna lafiya. Rawanin Mantau kuwa yana nan rataye a zaure har gara ta cinye shi.