Hannun da Tasalla Za Ta Riƙe

Ku gyara zama, ga wata magana da nake so ku raba mana gardama a kanta.

A wani gari an yi wata yarinya, Tasalla, wadda ta shekara biyar ba ta haɗa kalma biyu ba. In an kira ta ba ta waiwayowa, in an tayar da injin niƙa sai ta toshe kunne ta yi ta kuka. Ubanta Iro ya gaji, ya ce ta zauna a ɗaki, makaranta ba tata ba ce.

A asibitin garin, Likita Sa'adatu ta lura cewa gwajin da ake yi wa irin waɗannan yara daga ƙasar waje aka kawo shi, cike da hotunan abubuwan da ɗan ƙauye bai taɓa gani ba. Mai lafiya da mai lalura duk faɗuwa suke yi. Ta ce za ta tsara wani da ludayi da faifai da akuya. Da ta nemi kuɗin bincike, kamfanonin magani suka ga babu ƙwayar sayarwa a ciki, suka kama gabansu.

Malam Barau, ɗan majalisar yankin, ya tsaya kai da fata har gwamnati ta ɗauki nauyin binciken. Mutanensa kuwa gada suke so. "Mun aike ka gada, ka dawo mana da ludayi?" in ji su. Zaɓe na zuwa suka kayar da shi.

Kuɗi ya samu, yara babu, don kowa ya ɓoye nasa saboda bakin mutane. Gwaggon Tasalla, Dije mai ƙosai, ta ce wa ƙanenta, "Iro, ba ni ita. Ni ba na jin kunyarta." Shekara uku tana sauke kaskonta duk Laraba, ranar kasuwa, ta kai ta asibiti. Da mata suka gani, suka fito da nasu.

Gwaji ya kammala, aka gane irin koyarwar da ta dace da Tasalla, aka horar da malamarta. Bana ta gama firamare. Ni da na san ta tana ɓuya bayan randa, sai da na yi hawaye.

Sai dai har yau taro na firgita ta. A cikin taro ba ta yarda fiye da mutum ɗaya ya matso kusa, don haka mutum ɗaya ne zai raka ta ta karɓi takardarta a bikin yaye ɗalibai. Ga Likita Sa'adatu, ga Malam Barau, ga Dije, su ukun duk sun zo.

To, ku masu saurin yanke hukunci, hannun wa ya kamata Tasalla ta riƙe?