Gawayin Kan Iyaka

"Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

To ku gyara zama. Kai Ɗanliti, cire hannunka daga kwanon nan, tuwo ya ƙare tun ɗazu.

A wani gari an yi wata mata, sunanta Tasalla. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Abin da ta mallaka a duniya gona ɗaya ce da ta gada wurin mahaifinta, da ita take ciyar da yaran. Maƙwabcinta a gona wani mutum ne wai shi Nomau. Kowace damina sai Nomau ya ci mata iyaka, bana taki ɗaya, baɗi taki biyu. Tasalla tana gani, amma Allah ya yi ta da tsoron magana. Ko akuya ta shigo mata gida, sai ta ba ta haƙuri kafin ta kore ta.

Ran nan sai Nomau ya yi shinge ya kewaye rabin gonar, har da tsamiyar da ke ciki. Ga damina ta kusa. Abin da ya rage ba zai kai su ko wata huɗu ba. Sai hankalin Tasalla ya tashi, ta kasa cin abinci. Sai ta daure ta kai ƙara gaban alƙali.

Alƙali ya ce, "Ke kika kawo ƙara, ke za ki kawo hujja. Zama uku zan yi. In an yi na uku babu hujja, shinge ya zauna inda yake."

Sai ta fita. Sai ta nufi wurin yayanta Cindo. Shi Cindo kaf garin babu mai ja da shi a gardama. Kullum yana gindin cediya daga hantsi har la'asar. In ka ce masa yau Talata, sai ya ce, "Ba haka ba ne!" Kuma ba zai bar ka ba sai kai da kanka ka fara shakkar ranar.

Ta ce, "Yaya, bakina ba zai iya ba. Ka zo ka yi magana a madadina."

Cindo ya bugi ƙirji ya ce, "Gardama ce? Je ki jiƙa irinki, gona ta dawo."

A zama na farko sai Cindo ya miƙe. Ya ɗaga murya, ya yi wa hular Nomau ba'a, ya kwaikwayi tafiyarsa. Mutane suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Alƙali bai ko murmusa ba.

Ya ce, "Malam Cindo, gardama iri-iri ce. Akwai ta gindin bishiya, wadda mai ƙarfin murya ke cinyewa. Akwai ta zauren malamai, wadda ake yi don a ƙaru. Ta nan wurin kuwa hujja take ci. Ina hujjarku?"

Babu. Zama ɗaya ya tafi. Da yamma Tasalla ta ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Sai ta je ta roƙi Baba Jatau, wani tsoho da ya yi noma tare da mahaifinta. Da ƙyar yake tafiya, amma ya zo zama na biyu yana dogara sanda.

Ya ce, "Allah gafarta malam, na san gonar nan. Tsamiya ta Tasalla ce, iyaka tana can gabas da ita."

Sai Tasalla ta yi ajiyar zuciya. Ai kuwa ba ta gama sauke numfashin ba sai aka ji, "Ba haka ba ne!"

Wa ya faɗa? Nomau? Ina! Cindo ne. Bakinsa ya riga ya saba, bai iya jin mutum ya gama magana bai musa ba. Kuma da ya fara, girman kai ya hana shi janyewa. Ya ce, "Baba, kai da ba ka bambanta jaki da ɗan maraƙi, ina ka san gabas? Shekaranjiya ba kai ka gaida turken doki ba?" Ya yi ta jan tsohon nan har ya rikice, ya ce shi ma yanzu bai tabbata ba.

Alƙali ya ce, "Mai magana da yawunki ya rushe shaidarki da bakinsa. Saura zama ɗaya."

Wallahi jikokina, duk sanda na zo wurin nan sai raina ya ɓaci. Cindo har yana waige-waige ya ga wa zai yaba masa.

Tasalla ta koma gida ta yi kuka. Sai ta zauna hura wuta, ta ɗauki gawayi, sai ta tsaya cak. Ta tuna wata al'ada ta garinsu. In za a raba gona, dattawa sukan binne gawayi a cikin tukunya a kan iyaka, don gawayi ba ya ruɓewa. Kuma babu mai tono shi sai a gaban alƙali, don sun yarda duk wanda ya tono shi a ɓoye hannunsa zai shanye. Tana yarinya ita ta riƙe wa mahaifinta tukunyar. Ta ji shi yana ƙirga taki ashirin daga tsamiya.

Ranar zama na uku ta tsaya da kanta. Ta ce, "Allah gafarta malam, akwai tukunyar gawayi a kan iyaka, a je gona a tona."

Alƙali ya ce, "Rami uku na ba ki, ba ƙari."

Kafin su tashi sai ta ɗebo ruwa a moɗa ta miƙa wa Cindo. Ta ce, "Yaya, don darajar iyayenmu, kurɓi ka riƙe a baki. Kada ka haɗiye, kada ka zubar, sai an gama." Kunya ta kama shi, ya kurɓa.

Sai aka ɗunguma zuwa gona. Rana ta take, kowa ya ruga inuwar tsamiya. Tasalla ta ƙirga taki ashirin, aka tona. Ƙasa kawai. Sai ta ce ai takin mahaifinta ya fi nata faɗi. Aka sa wani dogo ya taka ashirin, aka tona. Ƙasa kawai. Aka ji tsawa can nesa. Ta dubi 'ya'yanta uku sun raɓe a jikin shinge suna kallonta. Cindo kumatu sun kumbura, idanu sun yi ja, yana ta nuni da hannu, babu mai kula shi.

Alƙali ya ce, "Saura ɗaya. Ina za a tona?"

Ta duba hagu, ta duba dama, duk ƙasar iri ɗaya. Sai idonta ya faɗa kan Nomau. Kowa yana inuwa, shi kaɗai ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar rana ya zauna. Gumi yana ɗiga daga gemunsa, amma ko motsi bai yi ba.

Sai ta ce a hankali, "Allah gafarta malam, me zai zaunar da mutum a rana alhali ga inuwa? A ɗaga tabarmar can."

Nomau ya ce, "Ni sanyi nake ji!"

Alƙali ya ce, "Tashi ka ji shi a gefe."

Aka ɗaga tabarma. Sara ɗaya, sara biyu, a na uku sai fartanya ta ce ƙwas! Ga tukunya, ga gawayi baƙi ƙirin kamar jiya aka binne. Ashe Nomau ya san wurin, tsoron hannunsa ne ya hana shi tonewa.

Alƙali ya ce, "Wannan ita ce hujja. A cire shinge, gona ta Tasalla ce."

Sai Cindo ya fesar da ruwan bakinsa ya ce, "Ba haka ba..." Tasalla ta yi wuf ta toshe masa baki da tafin hannu, ba ta sake shi ba sai da alƙali ya hau jakinsa. A ranar ruwa ya sauka. Da gari ya waye ta yi shuka har bakin ramin nan na uku.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta ƙare. In kun girma abinku ya shiga hannun wani, kada ku aiki mai yawan baki. Ku je da kanku ko da muryarku tana rawa, ku nuna abin da za a gani da ido. Kai Ɗanliti, na ga bakinka yana motsi. A kawo masa moɗa.